Bakin alƙalami bai bushe ba: a mayar wa Galarraga da cikakken wasansa

Duk shekara idan watan Yuni ya kama, tashoshin wasanni na Amurka sukan dawo da wani ɗan gajeren bidiyo na wasan besbol. Mai jifa ya taka tasha da ƙwallo a cikin safar hannunsa, ya ɗaga hannu zai yi murna, sai alƙalin wasa ya ware hannuwa biyu, wato mai gudu ya tsira. Mai jifan ya tsaya yana wani murmushi irin na wanda aka yanke wa aljihu da rana tsaka. Daga nan sai masu sharhi su jinjina kai su ce ai kuskure ma wani ɓangare ne na daɗin wasa, a bar tarihi yadda yake.

Wannan maganar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. A ganina hukumar MLB, wadda ke gudanar da babbar gasar besbol ta Amurka, ta zalunci wannan mai jifan, Armando Galarraga, kuma har gobe tana da damar gyarawa. A rubuta wasansa na ranar 2 ga Yuni, 2010 a jerin cikakkun wasanni. Hujjojin da ake kawowa na ƙin yin hakan ba duka ne na banza ba, akwai guda ɗaya mai nauyi, amma ko ita ba ta kai ta hana ba.

Mene ne ma aka ƙwace?

Wasan besbol zagaye 9 ne. A kowane zagaye mai jifa da 'yan ƙungiyarsa suna neman fitar da masu bugu 3 na abokan hamayya. Tara sau uku, 27 ke nan. Cikakken wasa shi ne mutum 27 su zo da kulki, a mayar da su duka 27 ba tare da ko ɗaya ya taka tasha ta farko ba, wato wurin farko da mai bugu ke rugawa ya taka don ya tsira, ko ta bugu, ko ta kuskuren mai tsaro, ko ta jifa huɗu da suka kauce, ko ta jifar da ta same shi a jiki.

Abu ne mai wuyar gaske. Daga na Lee Richmond a 1880 zuwa na Domingo Germán a Yunin 2023, guda 24 kacal aka rubuta, alhali yanzu a kakar wasa ɗaya ana buga wasa 2,430 kafin a shiga zagayen fitar da gwani.

A daren nan a filin Comerica Park na Detroit, Galarraga, ɗan Venezuela mai shekara 28, yana jifa wa Detroit Tigers a karawarsu da Cleveland. Ya shiga zagaye na 9 da ci 3 da nema, ya mayar da mutum 24 a jere. Na 25, Mark Grudzielanek, ya ɗaga ƙwallo can tsakiyar fili, Austin Jackson ya bi ta a guje ya cafke ta ta bayan kafaɗa. Na 26 ya buga ta ƙasa aka fitar da shi. Na 27, Jason Donald, ya buga wata mai gangarawa tsakanin tasha ta farko da ta biyu. Miguel Cabrera, mai tsaron tasha ta farko, ya bar wurinsa ya ɗauko ta, ya jefa wa Galarraga da ya rugo ya tare tashar. Ƙwallo ta shiga safa, ƙafar Galarraga ta taka tasha, ƙafar Donald na sama tukuna. Alƙalin tasha ta farko, Jim Joyce, ya ce Donald ya tsira.

Galarraga ya koma tudun jifa ya fitar da mutum na 28, Trevor Crowe, aka tashi 3 da nema. Shi ya sa wasu ke kiransa cikakken wasa mai fita 28.

Yadda ƙwararren alƙali ya yi wannan ɓatan kai

Yana da kyau a fahimci yadda kuskuren ya faru, domin masu cewa a bari suna so a ɗauka gyara cin mutuncin Joyce ne.

A tasha ta farko ido ɗaya ba ya iya kallon abu biyu a lokaci guda. Dabarar da ake koya wa alƙalai ita ce ka zuba ido a kan ƙafa da tasha, ka kasa kunne ga ƙarar da ƙwallo ke yi idan ta faɗa safar fata. Idan ƙarar ta riga takun ƙafa, mai gudu ya fita. Wannan dabarar tana aiki idan an wurgo ƙwallo da ƙarfi daga nesa kuma mai tsaro yana tsaye a tashar.

Idan mai jifa ne ya rugo ya tare tashar, komai ya rikice. Jifar ta kusa ce, ƙararta ba ta da ƙarfi. Ƙafafu biyu ne ke tunkarar tasha ɗaya a guje. Ga ihun 'yan kallo da suka san saura mutum ɗaya. A wannan karon ma ƙwallon ta sauka ne a bakin safar Galarraga, ba a cikin tafinta ba. Dole alƙali ya koma ga ido kaɗai, ya kalli safa sama da ƙafafu ƙasa cikin ƙiftawar ido.

Joyce ba sabon shiga ba ne, ya haura shekara 20 yana alƙalanci a babbar gasar. Da ya kalli bidiyon a ɗakin alƙalai bai yi wata kwana-kwana ba, ya ce shi ne ya raba yaron nan da cikakken wasa, ya nemi Galarraga ya ba shi haƙuri. Washegari Galarraga ne ya kai masa takardar jerin 'yan wasa a tashar gida, inda mai bugu ke tsayawa, Joyce yana share hawaye. Kwanaki kaɗan bayan nan mujallar ESPN ta tambayi 'yan wasa, suka zaɓe shi a matsayin alƙalin da ya fi kowa iya aiki.

To ga shari'ar da wanda ya yanke hukunci ya ce ya yi kuskure, bidiyo ya nuna kuskuren ta kowace fuska, ba kuma wanda ke jayayya. Kwamishinan MLB na wancan lokacin, Bud Selig, ya ƙi taɓawa. A 2020 Galarraga ya fito fili ya nemi a gyara, Joyce ya goyi bayansa. Rob Manfred da ya gaji Selig a 2015 shi ma ya ƙi.

"Ba a taɓa littafin tarihi"

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji, kuma ita ce mafi rauni, domin MLB ta sha taɓa littafin.

A Satumbar 1991 wani kwamiti ƙarƙashin kwamishina Fay Vincent ya sake fassara abin da ake nufi da wasan da ba a samu bugu a kan mai jifa ba. Da wannan zama ɗaya aka goge wasanni 50 daga jerin. A cikinsu akwai na Harvey Haddix na Pittsburgh, wanda a ranar 26 ga Mayu, 1959 ya mayar da mutum 36 a jere a zagaye 12, sannan aka ci shi 1 da nema a zagaye na 13. Akwai kuma batun Ernie Shore na Boston a 1917: Babe Ruth ne ya fara jifa, ya bar mutum na farko ya wuce, ya yi faɗa da alƙali aka kore shi, Shore ya karɓa, aka kama wancan mai gudun yana ƙoƙarin satar tasha, sannan ya mayar da sauran 26. An daɗe ana lissafa shi a cikakkun wasanni, a 1991 aka cire shi. Bayan shekara 74.

A 1999 aka ƙara wa Hack Wilson na Chicago Cubs ɗaya a adadin masu gudun da ya shigar gida a kakar 1930, daga 190 zuwa 191, saboda masu bincike sun gano an rubuta wa wani abin da yake nasa. Mutumin ya rasu tun 1948.

A Mayun 2024 aka shigar da alƙaluman gasannin baƙaƙen fata na 1920 zuwa 1948, lokacin da wariyar launin fata ta hana su shiga babbar gasar. Rana ɗaya Josh Gibson da .372 ya hau kan Ty Cobb mai .367 a matsakaicin bugu na tsawon rayuwa, matsayin da Cobb ya riƙe kusan ƙarni guda. Hakan daidai ne, kuma an yaba.

Littafin da ake iya goge wasanni 50 a cikinsa, a ƙara wa mamaci lamba, a sauya na ɗaya a tarihi, ba za a ce mana bakin alƙalaminsa ya bushe ba sai an zo kan layi ɗaya na Galarraga.

Ku duba makaranta. Malami ya yi kuskuren tara maki, yaro ya ci 71 aka rubuta 61. An gano bayan an raba sakamako. Ba shugaban makarantar da zai ce a bar shi saboda an riga an buga hatimi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

"Doka ta ce hukuncin ido ba a ɗaukaka shi"

Nan akwai gaskiya. Dokar besbol ta raba abu biyu: kuskuren fassarar doka, da kuskuren abin da alƙali ya gani. Na farko a wancan lokacin ana iya kai ƙara a kansa, na biyu an ce hukuncin alƙali shi ne na ƙarshe.

Misalin da kowa ke kawowa shi ne wasan ƙaro na ranar 24 ga Yuli, 1983 a filin Yankees. Zagaye na 9, an fitar da biyu, Kansas City na baya 4 da 3, George Brett ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, ci ya koma 5 da 4. Kocin Yankees, Billy Martin, ya yi ƙorafi cewa ƙaron da Brett ya shafa wa kulkinsa don kada ya zame masa ya wuce inci 18 da doka ta yarda. Alƙalai suka gwada kulkin da faɗin tashar gida, mai inci 17, suka ce Brett ya fita, wasa ya ƙare. Shugaban gasar American League, Lee MacPhail, ya rushe hukuncin, ya ce manufar dokar ba ta kai ga soke bugu ba. Ranar 18 ga Agusta aka dawo aka ƙarasa wasan, Kansas City ta ci 5 da 4.

Masu cewa a bari sukan ce wancan fassarar doka ce, na Galarraga gani ne. Haka ne. Amma a duba girman abin da aka yi a 1983: an ƙwace nasara daga wata ƙungiya aka ba wata, aka dawo da 'yan wasa fili bayan kwana 25. Abin da ake nema wa Galarraga bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba.

Dalilin da ya sa aka ce hukuncin ido ba a ɗaukaka shi kuma sananne ne: lokacin da aka rubuta dokar ba wata shaida da ta fi idon alƙali. Ita kanta MLB ta watsar da wannan tunanin. A Agustan 2008 ta fara duba bidiyo a kan ƙwallon da ta tsallake katanga kaɗai, a 2014 ta faɗaɗa har zuwa fita da tsira a tasha, da cibiyar duba bidiyo a New York. Da wasan Galarraga ya zo bayan shekara 4, kocinsa Jim Leyland zai nemi a duba, cikin minti biyu a tashi. Ashe haƙƙinsa ya salwanta ne saboda kalanda.

Kwamishina kuma yana da ikon yin abin da ya ga shi ne maslahar wasan. Da wannan ikon Bowie Kuhn ya soke cinikin 'yan wasa uku na Oakland a 1976. Shi kansa Manfred a Mayun 2025 ya cire sunan Pete Rose da na Joe Jackson daga jerin waɗanda aka haramta wa wasan har abada, bayan duk sun rasu. Iko akwai shi, niyya ce babu.

"Idan aka buɗe ƙofa, kowa zai shigo"

Wannan ita ce hujjar mai nauyi, ta cancanci a tsaya a kanta.

Mutanen St. Louis za su ce mu fa? Ranar 26 ga Oktoba, 1985, wasa na 6 na World Series, wato karawar ƙarshe ta ɗaukar kofi, St. Louis na gaba 1 da nema a zagaye na 9, saura fita uku su ɗauki kofi. Jorge Orta na Kansas City ya buga ta ƙasa, Jack Clark ya ɗauka ya jefa wa mai jifa Todd Worrell da ya tare tasha. Irin wasan Galarraga sak. Alƙali Don Denkinger ya ce Orta ya tsira, bidiyo ya nuna ya fita. Kansas City ta ci 2 da 1, washegari ta lallasa su 11 da nema ta ɗauki kofin.

Akwai kuma ta ɗaya gefen. Ranar 1 ga Yuni, 2012 Johan Santana na New York Mets ya yi wasan da ba a samu bugu a kansa ba, na farko a tarihin ƙungiyar. Amma a zagaye na 6 Carlos Beltrán ya buga wata da ta taɓa farin layi, alƙali ya ce waje ta faɗa. Idan za a ba Galarraga, za a ƙwace na Santana ke nan?

Amsar tana cikin tambaya ɗaya: bayan kuskuren, akwai sauran wasa da ya rataya a kansa?

A 1985 Orta ne na farko a zagayen. Da an fitar da shi saura biyu, kuma ba wanda ya san abin da za su yi. Wace jifa Worrell zai zaɓa, wa koci zai sako, ba mai iya cewa. Haka na Santana: da an ba Beltrán bugunsa zai tsaya a tasha, sauran wasan ya zama wani wasa dabam. Gyara a nan ƙirƙirar wasan da ba a buga ba ne. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san irinsa, kuma a watan nan na Yunin 2010 aka yi shi: ƙwallon Frank Lampard ta tsallake layi a wasan Ingila da Jamus a Afirka ta Kudu, ana 2 da 1, alƙali bai gani ba. Ba wanda zai zauna a ofis ya ce an tashi 4 da 2, domin da ta zama 2 da 2 ba a san yadda rabin lokaci na biyu zai kaya ba.

Na Galarraga fita ce ta 27. Da Joyce ya ɗaga dunƙulen hannu, wasa ya ƙare a wannan daƙiƙar. Ba abin da za a yi hasashe a kai. Ci 3 da nema ne kafin kuskuren, 3 da nema ne bayansa. Teburin gasa bai motsa ba.

Mai kiɗayar buhuna a bakin mota ya tsallake buhu na ƙarshe, ya rubuta 99 alhali 100 ne a cikin sito, kowa na gani. Wannan dabam yake da wanda ya ce da an ba shi taki da wuri da ya noma 100. Na farko ana gyara masa takarda, na biyu sai dai a ba shi haƙuri.

Akwai wanda ya fi kusa da Galarraga, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ranar 2 ga Satumba, 1972 Milt Pappas na Chicago Cubs ya mayar da mutum 26, na 27 ya kai jifa ta yanke hukunci, alƙali Bruce Froemming ya ce ta kauce, mutumin ya wuce tasha. Pappas ya yi ta ƙorafi har ƙarshen rayuwarsa. Ita ma fita ce ta 27. Bambancin shi ne Froemming bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, kuma jifa ce ta gefen iyaka da mutum biyu za su kalla su saɓa. Ƙa'idar da za a kafa sai ta haɗa sharaɗi uku: kuskuren ya faɗo a kan fitar da za ta rufe wasa, gyaran bai sauya wanda ya ci ba, kuma bidiyo ya nuna shi ba tare da shakka ba. Pappas ya cika biyu. A lalubo duk tarihin a ga mutum nawa za su cika ukun. Ƙofar da ake tsoro ba ta fi taga ba, kuma tun 2014 bidiyo ya riga ya rufe ta daga gaba.

"Ai ya fi suna a haka"

Wannan kam ta'aziyyar mai ƙoshi ce. Wai da an ba shi wasansa da tuni an manta da shi kamar yadda aka manta da wasu a jerin, amma yanzu kowa na tuna dattakun da shi da Joyce suka nuna. An ma ba shi mota ƙirar Corvette washegari.

Dattakun ya riga ya faru, yana cikin bidiyo, gyaran littafi ba zai goge shi ba. Kuma mai abu ne ke da ikon cewa ya yafe. Galarraga bai yi dogon zamani a babbar gasar ba, bayan 2012 bai ƙara jifa a cikinta ba. Wannan daren shi ne abin da ya shuka. Ya yi haƙuri a lokacin da haƙuri ke da wuya, bayan shekara 10 ya ce yana son haƙƙinsa tun yana raye. Sai a ce masa haƙurin da ya yi ne hujjar hana shi?

Wasu kuma sun kawo wata dabara tun a lokacin: marubucin wasa na hukuma yana da damar sauya hukuncinsa bayan an tashi, to ya mayar da bugun Donald ya zama kuskuren mai tsaro, Galarraga ya samu aƙalla wasan da ba bugu. Wannan gyaran ƙarya ne da wata ƙaryar. Cabrera bai yi kuskure ba, Galarraga bai yi ba, kuma ko an yi hakan cikakken wasa bai samu ba, tunda mutum ya taka tasha.

Gyaran gaskiya ga shi, layi biyar ne. A cire wa Donald bugu ɗaya, zuwansa ya koma fita. A goge zuwan Crowe gaba ɗaya, wanda ma riba ce gare shi tunda fitar da shi aka yi. A daidaita alƙaluman masu tsaron da suka taɓa ƙwallo a zuwan waɗannan mutum biyu. A rubuta wa Galarraga mutum 27 maimakon 28, jifa 83 maimakon 88. Sannan a sa sunansa bayan na Dallas Braden na 9 ga Mayu da na Roy Halladay na 29 ga Mayu, 2010, ya zama na 21, mutum huɗun da suka biyo baya kowa ya matsa gaba da lamba ɗaya.